Jirgin Arvid da Ƙofar Gareji

Bemidji,
Farkon watan Oktoba.

Arvid nawa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin sauƙi. Yaya jikin? Yaya hannun, yaya ƙafar? Ina fata kana cin abin da suke kawo maka ba turewa kake yi ba, don na san halinka da abincin da ba gishiri. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da ka sani. 'Yarka Kirsten tana gaishe ka, ita da yaran.

Nas ɗin da ke kula da kai ce ta ba ni shawarar in riƙa rubuto maka. Ta ce in na buga waya wahala kawai nake ba ka, kana ta kokawa da harshe maganar ta ƙi fita, in na kashe kuma ka wuni rai a ɓace. Amma ta ce karatu kana yinsa tsaf, har jarida kake ƙwacewa a hannun mutane. To ga ni. Shekara arba'in da ɗoriya kana magana ina saurare, yau Allah ya juya abin, sai ka yi haƙuri da ni.

Na tare a sabon gidan. Ba zan ɓoye maka ba, ranar da na rufe ƙofar gidanmu na bakin tafki na miƙa wa mutanen da suka saya makulli, sai da na zauna a mota na yi kukana ya ishe ni. Amma na san gaskiyar Kirsten ce, mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya hawa bene. Wannan gidan ƙasa ne, ɗaki biyu da falo, a wata unguwa da gidajen duk kamarsu ɗaya. Har na taɓa tsayawa ina kokawa da ƙofar maƙwabta da makullina.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Jirginka na kamun kifi ya ƙi shiga gareji.

Abokinka Toivo ne ya jawo shi da a-kori-kurarsa. Ya tura tirelar da jirgin ke kai da baya da baya har injin jirgin ya taɓa bango, na danna ƙofa ta sauko, sai ta zo ta zauna daram a kan wuyan tirelar, dogon ƙarfen nan na gaba da ake maƙalawa a mota. Ya leƙo waje fiye da taƙi guda. Muka fitar, muka kwance katakan ajiye kaya da ke bangon baya, muka sauke injin muka karkata shi, muka shigar da tirelar a kaikaice. Duk da haka da saura. Toivo ya cire hula ya sosa ƙeya ya ce, "Marlys, wanda ya gina garejin nan ko tarwaɗa bai taɓa kamawa ba. Keke ya gina wa ɗaki." Na ce to yanzu yaya za mu yi? Ya ce, "Ki tambayi mijinki mana, ai shi ya san komai." Da wasa ya faɗa yadda kuka saba, sai kuma ya tuna, ya mayar da hularsa.

Na ce to a bar shi a ƙofar gida a rufa masa tamfol. Ashe ba a nan take ba. Washegari wata mata ta ƙwanƙwasa, Madam Pruitt, ita ce shugabar kwamitin unguwa. Ta zo da kek a faranti da murmushi har kunne. Ta yi min barka da zuwa, ta tambayi jikinka, sannan ta ce a unguwar nan ba a ajiye jirgi a waje, ba a kuma barin gareji a buɗe, wai ma na sa hannu a kan haka ranar da aka sayi gidan. Wataƙila na sa, lokacin nan ko me aka miƙo min sa hannu nake yi. Ta ce saboda lalurarka sun ɗaga min ƙafa zuwa ƙarshen wata. Kek ɗin ma bai ji sukari ba.

Na buga wa duk masu rumbunan ajiyar jirage da na sani, kowa ya ce tun watan Agusta wuri ya cika, ka san yadda mutanenmu ke rububi kafin ƙanƙara ta sauka. Toivo kuwa tun da ya koma ɗakin haya, ko motarsa a titi take kwana.

Kirsten ta ce a sayar. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, ta gaji ne, ga aiki ga yara ga zirga-zirgar asibiti. Na ce mata ai ba ta nan ranar da ka damƙe wuyan hannuna da hannunka mai lafiya, ka yi ta fama har gumi ya keto maka, abin da ya fito kawai shi ne "kar" da "jirgi". Na ce maka ba zan sayar ba, sai a sannan ka sake ni. Shatin yatsunka ya kwana biyu a hannuna. Na yi maka alkawari kuma ina nan a kansa, sai dai Allah ya sani ban san yadda zan yi ba.

Ka huta lafiya. Zan zo ran Lahadi in Kirsten ta samu sarari ta tuƙo ni, ka san ni da babbar hanya.

Matarka,
Marlys.

Bemidji,
Tsakiyar Oktoba.

Tsohona,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙarfin jiki? Na ji daɗin ganinka ran Lahadi, ka yi haske, sai dai wanda ya yi maka askin nan bai kyauta ba. Safar ulun da na zo maka da ita kuma na manta ta a jaka, sai da muka yi nisa na gani. In ƙafafunka suna sanyi ka nuna wa nas, kar ka yi ta cijewa. Matan coci suna gaishe ka. Sun cika min firij da kwanukan dankali da nama, kowace ta manna sunanta a gindin kwano don kar ya ɓata, ni kuma ni kaɗai na rasa yadda zan yi da su.

Maganar da na yi maka a bakin gado, bari in sake ta a rubuce, don ranar ina magana kana kallon taga, ban sani ba ko ka ji ko kuwa fushi kake yi. Toivo ya ce dabara ɗaya ta rage, a yanke wuyan tirelar gida biyu a sa masa gwiwa ta ƙarfe. In za a fita sai a miƙe shi a zura sakata, in an dawo a zare sakatar a naɗe shi gefe, ƙofa ta sauka. Ya ce a shagon kayan jirgi ake sayar da ita, kuma rabin garin nan sun sa.

Tirelar da kake bi da fenti duk bazara, wadda ko keke Kirsten ta jingina a jikinta sai ka yi magana, ita za a ɗora wa zarto? Na ce masa Arvid ba zai yarda ba. Ya ce, "Ai shi ya sa za mu yi tun yana kwance. Jikan 'yan Norway in ya tashi, sai ya kafa kwamiti a kan kowace ƙusa." Na ce kai kuma jikan 'yan Finland, da wane hannun za ka yanka, wannan da ke zubar da rabin kofi kafin ya kai baki? Ya ce, "Rawar ta san hanya, ke dai kawo kofin."

Shi ya sa na ce maka in ka yarda ka matsa hannuna. Ba ka matsa ba, ba ka kuma janye ba, ido kawai ka rufe. A hanya Kirsten ta ce wannan amincewa ce, ni kuma na ce ƙi ne, muka yi ta musu har muka wuce inda muke shan mai, sai da muka juyo. Har yanzu ban san wace ce mai gaskiya a cikinmu ba.

Na je wurin wani mai walda, ko zai karɓi aikin in huta. Ya ce shi ba ya sa wuta a wuyan tirela, in ya ɓalle a kan hanya ya kashe wani shi za a nema. Kuma ma layin masu gyaran motocin kwashe ƙanƙara ya kai Kirsimeti. Na tsaya a shagon na rasa abin yi, har ya ce, "Madam, da wani abu kuma?" Na ce babu, na fito.

Yanzu dai jirgin yana ciki, ƙofar tana zaune a kan wuyan tirelar, iska na shiga ta ƙasa tana tara min busassun ganye. Motata a waje take kwana, kullum da safe sai na kankare gilashi. Madam Pruitt kuwa karenta ya ƙaunaci gidanmu, safe da yamma sai ya tsaya fitsari daidai garejin, ita kuma tana tsaye tana kallon ƙarfen tana ɗaga min hannu.

Shekaranjiya na shiga ɗauko tsintsiya, ban san yadda aka yi ba na tsinci kaina a cikin jirgin, a bencin gaba inda nake zama. Har yanzu yana ƙarnin kifi da warin fetur. Ka san ni ban taɓa son jirgin nan ba. Ga sauro, ga sanyin asuba, ga tsutsotsin ƙugiyarka a firij kusa da man shanu, ga ihun da kake min a bakin ruwa in na saki igiya. Amma na zauna a ciki har ƙafata ta yi tsami, ina kallon bencin baya babu kowa. Ina kewarka ƙwarai, Arvid. Da ƙyar na fito, sai da na taka bokiti.

Na ce wa Toivo ya sayo gwiwar. In ba ka yarda ba ka yafe min, wata ya kusa ƙarewa.

Ka kwana lafiya.

Taka,
Marlys.

Bemidji,
Ƙarshen Oktoba.

Arvid,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Yaya jiki, yaya motsa ƙafar da suke sa ka? Nas ta ce min ka yi wa mai motsa maka jikin tsaki, na ce to mun gode wa Allah, sauƙi ya fara samuwa.

An yanka. Bari in faɗa maka yadda aka yi tun kafin Toivo ya zo ya ƙara gishiri.

Ran Talata ya zo da kayan aikinsa a bokiti. Muka tallafe tirelar da kututture, ya auna, ya sake aunawa, ya ja layi da alli ɗan gaba da sandar da hancin jirgin ke jingina. Sannan ya ɗauko zarton lantarki ya ɗora. Arvid, bakin zarton nan ya yi ta tsalle a kan ƙarfen, ya kankare fenti nan ya kankare can, ya ƙi tsayawa a kan layi. Ya kashe, ya yarfe hannu, ya sake. Haka dai. Daga nan ya ajiye zarton a ƙasa ya kife bokitin ya zauna a kai ya juya min baya. Can ya ce, "Da hannun nan na gina wa uwata gida, Marlys." Na ce masa kofinsa zai huce.

Ni na yanka. Da ƙaramin zarton hannu, don na lantarkin tsoro yake ba ni. Shi kuma ya riƙe fitila yana cewa, "A hankali, bi allin, ba albasa kike yankawa ba." Na fara tun da hantsi, sai da rana ta karkata ƙarfen ya rabu. Tafin hannuna duk ya yi bororo. Da guntun ya faɗi ƙasa ya yi ƙara, ji na yi kamar kai na yi wa rauni.

Sai ga wayoyi kala-kala suna reto daga cikin ƙarfen, a datse. Ashe wayoyin fitilun baya ta cikin wuyan suke bi. Toivo ya dafe kai ya ce ya sani sarai, shi da kai kuka zura su, mantawa ya yi. Na ce da Arvid ne da bai manta ba. Ya ce, "Da Arvid ne da har yanzu yana kan awo." Muka zauna muna haɗa kore da kore, fari da fari, ni da tabarau shi da tabarau, muna naɗe su da salatif.

Huda ramukan ƙusoshin ɗaura gwiwar ya ci mana wata ranar cur. Ɗaya ya karkace sai da muka faɗaɗa shi, kar ka tambaye ni wa ya riƙe injin. Sarƙoƙin da ake ɗaure tirelar da mota kuma ya mayar da su baya da gwiwar, ya ce ko sakata ta ci amana jirgin ba zai rabu da mota ba. Wannan kam bai manta ba, kuma ya ce lallai in rubuto maka don ka san ba komai ya zube daga kansa ba.

Jiya da yamma muka gama. Na zare sakatar, na tura wuyan da ƙafa, ya naɗe gefe sumul ba ko ƙara. Na danna ƙofa. Ta sauko, ta sauko, har ta taɓa ƙasa. Tsakaninta da ƙarfen bai fi yatsa biyu ba, amma ta rufu. Muka tsaya a cikin duhu mu biyu, don ba wanda ya tuna ya kunna fitila, sai na ji Toivo yana jan hanci. Ya ce ƙura ce.

Yau da safe na tsaya a taga da kofina musamman don in ga Madam Pruitt. Ta zo, ta tsaya, ta dubi ƙofa a rufe, ta ja karenta suka wuce tun bai gama abin da yake yi ba. Rabon da in yi dariya irin ta yau tun kafin ka kwanta.

Jirginka yana ɗaki a bushe. Ya cika garejin bango zuwa bango, sai a kaikaice nake ratsawa in shiga kicin, amma ba komai. In Allah ya kai mu watan Mayu ranar buɗe kamun kifi, ko da sanda ne za ka taka ka shiga, ni zan riƙe igiyar, ka yi ihunka son ranka. Ni na cika nawa, saura kai.

Matarka mai zarto,
Marlys.

Bemidji,
Nuwamba.

Mijina,

Ina gaisuwa. Yaya jiki? Ƙanƙara ta fara sauka a nan, ban sani ba ko ta iso ku. Ka yi haƙuri ban zo ran Lahadi ba. Na ce wa Kirsten ta gaya maka mura nake yi, amma ba mura ba ce.

Ran Alhamis asibiti suka turo wata mata ta duba gidan kafin su sallame ka. Mace mai hankali, da ma'auni a aljihu. Na yi murna, har na gasa mata burodi mai kirfa, Kirsten ma ta baro aiki ta zo. Matar ta auna ƙofar banɗaki ta ce sai an faɗaɗa. Na ce don me, ai mutum da sanda zai wuce. Ta dube ni, ta dubi Kirsten, Kirsten ta sunkuyar da kai. A nan na ji abin da kowa ya sani ban da ni, ko kuma aka sha faɗa min na toshe kunne. A keken guragu za ka dawo, Arvid, kuma likita bai sa ran za ka sauka daga kansa ba. Ina jin kai ma ka sani. Na tuna wasiƙar da na aiko maka ta watan Mayu da sanda, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sannan ta tambayi ta ina za ka shiga gida. Na nuna mata ƙofar gaba. Ta girgiza kai, ta ce matakalan sun yi tsayi filin kuma gajere ne, in aka yi gangaren katako na tura keke zai faɗa kan titi, ga shi rabin shekara santsi zai zama. Ta ce ni da gwiwata ba zan iya riƙe keke da kai a ciki a kan ƙanƙara ba, kuma gaskiyarta. Ta ce kowa a garin nan a cikin gareji yake yin gangaren, mota ta shigo a rufe ƙofa, a sauke mutum a busasshiyar ƙasa a tura shi zuwa kicin. Ta ce mu ga garejin.

Na buɗe mata. Ta tsaya a kan matakala tana kallon jirgin, hancinsa a nan injinsa a can, ko inda kyanwa za ta juya babu. Ta hango gwiwar ta ce, "Kai, wa ya yi wannan aikin mai kyau haka?" Na ce ni. Sai ta ce, "Madam, ki yi haƙuri." Sai da muka koma falo ta faɗa min sauran. In babu gangare babu wurin mota, ba za su sallame ka zuwa gida ba, sai dai gidan kula da tsofaffi. Gadonka kuma wani yana jira, ba za su riƙe ka ya wuce watan nan ba.

Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Na ajiye girman kai na je wurin Madam Pruitt, na roƙe ta a bar jirgin a gefen gida zuwa bazara. Ta zaunar da ni ta ba ni shayi, har da hawayenta, ta ce mijinta ma a keke ya ƙare rayuwarsa. Amma ta ce ba ita kaɗai ke da magana ba, in aka ɗaga wa mutum ɗaya gobe unguwar ta cika da jirage. Na so in ji haushinta, abin ya ƙi. Na sake bin masu rumbuna, ba wuri. Toivo ya zagaya gonakin mutanen da kuka sani, wanda bai mutu ba ya sayar ya koma birni. Ko da an samu wurin ma, aikin gangaren da na banɗakin ba da baki ake yin su ba, kuma ka san abin da gidan tafki ya bar mana asibiti ya lashe.

Kirsten ba ta ce min "ai na faɗa miki" ba. Da ta faɗa da na samu wanda zan yi wa faɗa in ji sanyi. Hannuna kawai ta kama tana duba inda bororon ya fashe, ta ce, "Mama, kin sa magani kuwa?"

Kullum sai na shiga garejin na tsaya ina aunawa da ido, ko akwai wata kusurwa da ban gani ba. Babu. Ga ka can, ga alkawarin da na yi maka nan, kuma ɗakin ɗaya ne. Na san in na zo na tambaye ka ido za ka rufe, ba kuma zan ga laifinka ba. Ka yi min addu'a, ni tawa ta ƙi haɗuwa.

Taka,
Marlys.

Bemidji,
Ranar Laraba.

Arvid nawa,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan ka tashi lafiya. Yaya jiki? Na roƙi nas ta ba ka wannan takarda da hannunta, ta kuma bar ka kai kaɗai in za ka karanta.

Jirgin ya tafi, jiya da safe.

Wendell kafinta ne ya ɗauka, wanda ke zama a bayanmu a coci. Ya zo duba aikin gangaren, ya ga jirgin, ya daɗe yana raɓa shi yana shafa gefensa. Ya ce tun yana ƙarami yake hango ka da shi a tafki. Ban san lokacin da bakina ya ce masa, in zai yi gangaren ya faɗaɗa banɗaki, ya ɗauka ba. Ya ce, "Madam, jirgin nan ya fi aikin." Na ce ban tambaye ka ba. Ya ce shi dai zai fi so ya ji daga bakin Arvid. Na ce to sai ka jira har tashin duniya, ni ce bakinsa yanzu. Na ji kunyar maganar bayan ta fita.

Ba wanda ya sa ni. Kar ka ɗora wa Kirsten, ba ta sani ba sai da aka gama. Toivo na gaya masa, ya ce yauwa, ya ce daidai ne, amma ranar ya ƙi zuwa, wai bayansa ke ciwo.

Ni na miƙe wuyan da hannuna na zura sakatar, na nuna wa Wendell yadda sarƙoƙin suke. Ya maƙala a motarsa ya taka birki, fitilun baya suka kama duka biyun, jawur. Wayoyin da muka haɗa ba ɗayar da ta ba mu kunya. Na so a ce wani abu ya ƙi, ko taya ta sace, ko gwiwar ta cije, in samu dalilin cewa a bari sai gobe. Babu abin da ya ƙi. Ya ja shi ya sha kwana lafiya lau, ni ina tsaye a bakin gareji da silifa a cikin ƙanƙara. Sandunan fatsarka da akwatin ƙugiyoyi da hularka na cire su tun kafin ya zo, suna ɗakinka.

Ya ce in bazara ta yi, duk ranar da kake so zai zo da 'yan'uwansa su ɗaga ka su sa a ciki. Na ce na gode. Ban sani ba ko za ka so, na dai faɗa maka don ya ce in faɗa.

Yanzu haka yana garejin yana buga guduma, ina jin sa daga teburin kicin inda nake rubutu. Gidan duk ƙanshin sabon katako. Ya ce gobe zai gama gangaren, jibi banɗaki, matar asibiti kuma ta ce in an gama babu sauran abin da zai hana.

Na karya alkawarin da na yi maka, Arvid. Kowa zai ce don kai na yi, ni ba zan yi maka wannan ƙaryar ba. Don kaina na yi. Na auna zama da jirgi babu kai, na auna zama da kai kana fushi da ni, na ga na biyun zan iya. Ba ni da ƙarfin da zan faɗa maka wannan ina kallon idonka, shi ya sa na turo takarda ta riga ni.

Ran Asabar za mu zo ɗaukar ka, ni da Kirsten. Na shimfiɗa bargo a kujerar gaba. In ba ka son ganina zan zauna a baya, ba zan ce uffan ba har mu iso. In ka ga dama ka shekara ba ka dube ni ba, zan ɗauka. Amma ka shiga motar, Arvid. Don Allah ka shiga motar.

Taka har kullum, ko kana so ko ba ka so,
Marlys.